Tarihin Dabarar Toshe Saƙon RNA a Maganin Ciwon Hanta

Toshe saƙon RNA, wanda masana ke taƙaitawa da RNAi, hanya ce da ƙwayoyin halittar jiki ke bi su lalata saƙon da ke fitowa daga ƙwayar gado tun kafin a sarrafa shi ya zama furotin. Andrew Fire da Craig Mello na Amurka ne suka bayyana yadda take aiki a 1998, bayan gwaji a kan wata ƙanƙanuwar tsutsa, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2006. A 2001 kuma ayarin Thomas Tuschl a Jamus ya nuna cewa gajeren RNA mai haruffa 21, wanda ake kira siRNA, yana iya rufe bakin ƙwayar gadon da aka nufa a ƙwayoyin halittar ɗan'adam.

Hankalin masu bincike ya koma kan ciwon hanta nau'in B, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da shi a 2022, miliyan 65 daga cikinsu a yankinta na Afirka. Magunguna irin su tenofovir suna danne ƙwayar cutar amma ba sa tumɓuke ta, domin tana ɓoye DNA ɗinta a cikin ƙwayoyin hanta, tana kuma zuba furotin ɗin HBsAg a jini har garkuwar jiki ta gaji. A 2003 ayarin Mark Kay na Jami'ar Stanford ya nuna cewa RNAi na rage wannan furotin a ɓeraye.

Babbar matsalar ita ce isar da maganin, domin siRNA da aka zuba haka nan a jini yakan lalace, ƙoda ta tace shi, ɗan abin da ya rage kuma ba ya iya ratsa bangon ƙwayar halitta. Mafitar farko ita ce naɗe shi cikin mitsi-mitsin ƙunshin kitse da faɗinsu yake kusan nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita, kuma an gwada hakan a kan nau'in B a ɓeraye a 2005. Daga baya aka gano cewa wani furotin na jini, ApoE, yana manne wa ƙunshin ya kai shi hanta. Da wannan fasaha aka yi patisiran, maganin RNAi na farko da Amurka ta amince da shi a 2018, ko da yake na wata cutar gado ne.

ARC-520 na kamfanin Arrowhead yana cikin magungunan RNAi na farko da aka gwada a kan masu nau'in B, amma aka dakatar da shi a 2016 bayan birai sun mutu a gwajin sinadarin da ke ɗauke da shi. Daga nan aka karkata ga liƙa wa siRNA wani sukari mai suna GalNAc, wanda ƙwayoyin hanta ke cafkewa, ana kuma ba da shi ta allura a ƙarƙashin fata. A ciwon hanta nau'in C kuwa, fitowar sofosbuvir a 2013 da ire-irensa masu warkar da fiye da kashi 95 cikin 100 ta sa buƙatar RNAi ta ragu. Sababbin magungunan nau'in B, irin su elebsiran da imdusiran, suna rage HBsAg ƙwarai, amma su kaɗai ba kasafai suke kawar da shi ba, shi ya sa ake gwada haɗa su da magungunan farfaɗo da garkuwar jiki.