Daga Kaskon Mazarƙwaila Zuwa Bututun Masana'anta

Duk wanda ya ratsa ƙasar Makarfi da Kudan da sanyin hunturu ya san ƙamshin nan na ruwan rake a kan wuta. Rake daɗaɗɗen amfanin fadama ne a nan, amma da can shan sa kawai ake yi. Dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila sana'a ce da ta kankama a zamanin Turawa, lokacin da aka shigo da injin matsa na ƙarfe wanda doki ke ja yana zagayawa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara mata kasuwa, domin sukarin ƙetare ya yi wuya. Daga baya injin mai ya sallami doki. Kasko kuwa bai motsa ba.

Yadda kakanni suka yi, haka ake yi yau. A cika kasko, a hura wuta da busasshiyar tuƙar rake, a riƙa kwashe kumfa da datti, a juya har ya yi kauri, a sauke a zuba a mazubai, sannan a koma farko. Komai yana hannun madafi da idonsa. Ya yi gaggawa, ta ƙi daskarewa; ya ɗan shagala, ta ƙone ta yi baƙi da ɗaci. Shi ya sa dillali ke gutsura ya ɗanɗana kafin ya yi tayi, ko da kuwa kayan daga murhu ɗaya suka fito. Ga ruwan da ke jiran layi, shi ma ba ya haƙuri, 'yan sa'o'i kaɗan ya fara tsami.

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. A da, a gonakin raken Karebiyan da kudancin Amurka, bayi ne ke kamfatar tafasasshen ruwa da ludayi daga wannan kasko zuwa wancan, suna ƙonewa. A 1846 Norbert Rillieux, injiniya ɗan New Orleans wanda mahaifiyarsa baƙar fata ce, ya yi rajistar na'urar da ruwan ke gudana cikin rufaffun tukwane a jere, tururin ta farko yana dafa ta biyu. Makamashi ya ragu ƙwarai, sukari ya daina ƙonewa. A kan wannan turba masana'antun yau suke: ruwa na tafiya a bututu, famfo na ɗiga masa ruwan farar ƙasa daidai gwargwado, na'ura na auna tsaminsa kowane lokaci. Ba a jiran tukunya ta cika kafin a gane an yi kuskure, kuma sukarin safe da na dare ɗanɗanonsu ɗaya.

Tsarin ya iso Nijeriya da masana'antar Bacita a shekarun 1960, sai ta Numan daga baya. Bai samu gindin zama a Makarfi ba, kuma a ganina ba rashin wayo ba ne. Bututu ba ya son tsayawa: yana buƙatar rake dare da rana, da wutar lantarki, da jari mai nauyi. Mai kadada ɗaya kuwa, ya sare abin da zai iya dafawa yau, gobe in ba rake ya kashe wuta, bai yi asarar komai ba. Har yanzu a kasko ake dafa mazarƙwailar Makarfi, ɗaya bayan ɗaya.