Tsohon Gado a Cikin Kwanan Wata

Idan manhajar kwamfuta ta ci karo da 03/04/05, sai ta rasa tudun dafawa: a Amurka 4 ga Maris ke nan, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Wannan ruɗani gado ne, kuma kowane salo da dalilinsa. Katin IBM mai huji gurabe 80 kacal gare shi, don haka aka riƙa rubuta shekara da lamba biyu, tsimin da ya haifar da fargabar shekarar 2000. Ƙa'idar imel ta 1982 ma lamba biyu ta tanada, sai a 1989 aka koma huɗu. Excel kuwa har gobe yana lissafa 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, don ya dace da Lotus 1-2-3 da ya riga shi kasuwa.

Wani zai ce ai ƙa'idar ISO 8601 ta raba gardama tun 1988: shekara, wata, sannan rana. Haka ne, amma sabuwar ƙa'ida ba ta komawa baya ta gyara tsofaffin bayanai. Shi ya sa ƙa'idar HTTP ke tilasta wa manhaja ta gane salo uku na rubuta lokaci, alhali ɗaya kawai aka yarda ta aika.