Yadda kwamfuta ta koyi barci

Kwamfutocin tebur na farkon shekarun 1980 hali biyu kaɗai suka sani, ko a kunne ko a kashe. Ma'aikaci ya tashi cin abinci, na'ura na nan tana shan wuta, fanka na ƙugi, allo na haske ba mai kallo. In kuma ya kashe, sai ya dawo ya zauna jiran ta tashi tun daga farko, ya sake buɗe takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba a cika damuwa ba, tunda daga soket ake jan wutar.

Batir ne ya tayar da maganar. Da aka fara ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka, kowane minti na caji ya zama abin tattali. Macintosh Portable da kamfanin Apple ya fitar a 1989 tana iya barci ta farka nan take, kuma a 1990 Intel ya fito da 386SL, ƙwaƙwalwar da aka tsara musamman domin rage shan wuta. Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Duk aikin da ke gabanka yana cikin ma'adanar RAM, ita kuwa da an yanke mata wuta ta manta komai. Sai aka ce a kashe allo, a tsayar da faifan ajiya da fanka, a bar wa RAM ɗan abin da zai riƙe ta.

A 1992 Intel da Microsoft suka haɗa ƙa'ida ɗaya mai suna APM. Nan aka yi kuskuren da ya wahalar da mutane shekaru: an bar hukuncin barci a hannun BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura. Ita BIOS ba ta san abin da kake ciki ba, lissafinta kawai tun yaushe aka taɓa madannai ko wani sashe na na'ura ya motsa. Ga shi kowane kamfani da irin tasa. Wata ta yi barci ana tsakiyar aiki, wata kuma ta ƙi farkawa sai an kashe ta da ƙarfi.

A 1992 ɗin dai hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star, wanda ya nemi kwamfutar da ba a amfani da ita ta sauko zuwa wat 30 ko ƙasa. A Afrilun 1993 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan umarnin cewa ma'aikatun tarayya su riƙa sayen kwamfutoci masu tambarin Energy Star. Babu kamfanin da zai yarda ya rasa ciniki irin na gwamnatin Amurka, don haka barci ya shiga kwamfutar ofis ma.

Gyara na gaskiya ya zo a Disambar 1996, lokacin da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ACPI, wadda ta miƙa ragamar ga babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Ta jera matakai daga S0 zuwa S5. S3 shi ne barcin da muka saba da shi. S4 kuwa dogon barci ne, inda ake kwafe abin da ke RAM zuwa faifai a yanke wuta ɗungurungum. Windows 98 ta fara aiki da tsarin, Windows Vista kuma ta haɗa S3 da S4 a 2007: aiki na RAM, kwafinsa na faifai. Duk wanda aka taɓa ɗauke masa wuta kwamfutar tebur na barci ya san darajar wannan haɗi.

Daga Windows 8 a 2012 aka soma kwaikwayon wayar hannu, na'ura ta rufe ido amma tana jone da intanet tana karɓar saƙo. A ganina an ci riba wajen saurin farkawa, an yi asara wajen aminci, domin wannan ne ke sa wasu su ciro kwamfuta daga jaka ta ɗau zafi, caji ya ƙare. In za ka yi doguwar tafiya, sa ta dogon barci ko ka kashe ta kafin ka rufe jaka.