Yadda buɗaɗɗun manhajojin taswira suka samo asali

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa ke da damar duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A fannin taswira, yawancin na farko daga ofisoshin gwamnatin Amurka suka fito, domin a dokar ƙasar, abin da ma'aikacin gwamnatin tarayya ya rubuta a bakin aikinsa na jama'a ne.

A 1982 wani ɗakin bincike na injiniyoyin sojan Amurka da ke Champaign a jihar Illinois ya fara rubuta GRASS, don kula da manyan filayen da ke hannun soja. Sojoji sun janye hannu a tsakiyar shekarun 1990, amma Jami'ar Baylor da Markus Neteler na Jami'ar Hannover a Jamus suka riƙe ta. A 1999 aka sake ta bisa lasisin GPL, wanda ya wajabta wa duk mai raba ta bayan ya yi mata gyara ya bar gyaran a buɗe.

A farkon shekarun 1980 ɗin ne kuma Gerald Evenden na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya rubuta PROJ. Ba kowa ya san sunanta ba, alhali a kanta sauran suka dogara. Duniya mulmulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, don haka kowace taswira tana da lissafin da aka bi aka shimfiɗa ta, da kuma wurin da aka fara awo. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya, alal misali, a kan ma'aunin Minna aka gina su, yayin da na'urar GPS ke aiki da ma'aunin WGS 84. Idan aka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba tare da an juya lissafin ba, rijiya ko iyakar gona za ta goce daga mazauninta da gomman mitoci. Wannan juyi shi ne aikin PROJ.

Sai matsalar fayiloli, don kowane kamfani da irin nasa. A 1998 Frank Warmerdam, ɗan Kanada, ya fara GDAL, wadda ta zama tafinta tsakanin hotunan tauraron ɗan'adam da taswirori iri-iri. Kamfanin Refractions Research ya fitar da PostGIS a 2001 don adana bayanan wurare a rumbun bayanai. Shekara guda bayan haka Gary Sherman, mazaunin Alaska, ya soma wata 'yar manhaja don kawai ya riƙa ganin abin da ke cikin PostGIS. Ita ce ta zama QGIS, wadda sigarta ta 1.0 ta fito a 2009, kuma da ita ɗalibai da ƙananan hukumomi da yawa suka huta da tsadar lasisi. A 2006 aka kafa gidauniyar OSGeo a Shikago don ta zama inuwar ayyukan.

Kayan aiki sun samu, saura bayanai. A Birtaniya a wancan lokacin, taswirorin da aka zana da kuɗin haraji sai an saya, abin da ya sa Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a 2004, inda 'yan sa-kai ke zana tituna da kansu. Amfaninta ya bayyana bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010: cikin 'yan kwanaki aka zana titunan Port-au-Prince daga hotunan tauraron ɗan'adam, masu aikin ceto suka yi amfani da su. An maimaita haka lokacin annobar Ebola ta 2014 a Gini, Laberiya da Saliyo.

Abin da ya daɗe yana ci wa masu aikin tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin kulawa. Manyan kamfanoni sun shafe shekaru suna amfani da GDAL a cikin hajojinsu, alhali mutane ƙalilan ne ke ɗawainiya da ita. A 2021 aka buɗe mata asusun tallafi, kamfanoni irin su Esri da Microsoft suka zuba kuɗi.