Shari'ar sandar aradu a Saint-Omer

A shekarar 1780, wani tsohon lauya mai suna Vissery ya kafa dogon ƙarfe bisa rufin gidansa a garin Saint-Omer, arewacin Faransa, ya haɗa shi da ƙasa domin ya tsare gidan daga aradu. Maƙwabta suka ce atafau, wannan ƙarfe kiran aradu yake yi, kuma unguwar zai ƙone. Hukumar gari ta ba su gaskiya, ta umarce shi da ya cire. Dattijon ya ɗaukaka ƙara zuwa Arras.

Kada mai karatu ya yi saurin yi wa maƙwabtan dariya. Kakanninsu sun gaji imanin cewa dutse ne ke faɗowa daga sama, kamar yadda mu ma muke kiran tsofaffin gatarun dutse da manoma ke tonowa gatarin aradu, alhali mutanen da ne suka sassaƙa su. Ilimin da ya zo ya rushe wannan imani kuwa bai cika shekara talatin ba. Benjamin Franklin na Amurka ne ya ce walƙiya lantarki ce, ya kuma tsara yadda za a gwada. Ranar 10 ga Mayu 1752, a Marly kusa da Paris, aka ciro tartsatsi daga sandar ƙarfe mai tsawon mita 13 da Dalibard ya kafa, lokacin da hadari ke wucewa. Shekara ɗaya bayan haka aradu ta kashe masani Richmann a Rasha yana tsakiyar irin wannan gwaji. To, wa zai ga laifin mai tsoro?

Abin da ke faruwa cikin hadari sai daga baya aka fahimce shi sosai. Iska mai ɗumi tana hawa da laima har inda ruwa ke daskarewa. Can ƙanƙara da ƙananan ɓarɓashinta suna gugar juna, sai lantarki ya rabu gida biyu: wani iri a ƙoƙuwar girgije, kishiyarsa a gindi. Idan ya taru ya fi ƙarfin iska, sai ya keta ta ya nemi ƙasa, yakan kuma bi ta abin da ya fi tsawo: hasumiya, itaciyar da ke tsaye ita kaɗai a gona, ko makiyayi a fili. Iskar da ya ratsa tana zafi har digiri 30,000, ta buɗe farat ɗaya. Ƙarar ita ce tsawa. Sandar ba ta hana aradu faɗuwa. Hanya take ba ta zuwa cikin ƙasa, ba tare da ta bi ta katako da mutane ba.

Turai ta riga ta ga abin da rashin sandar ke jawowa. A 1769 aradu ta faɗa wa rumbun albarushi a Brescia ta Italiya, wani babban ɓangare na garin ya rushe, ɗaruruwan mutane suka hallaka.

Lauyan da ya tsaya wa Vissery saurayi ne ɗan shekara 25, ba a san shi ba a lokacin. Sunansa Robespierre, wanda ƴan makarantarmu suka sani ta wata fuska dabam, ta juyin juya halin Faransa. A watan Mayu 1783 kotu ta yarda a mayar da sandar, shi kuwa ya buga jawabinsa ya aika wa Franklin, wanda a lokacin yake jakadan Amurka a Faransa.