Daga Dandali Zuwa Fuloti: Tarihin Filayen Jama'a a Ƙasar Hausa da Darasinsa ga Garin Illela

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa gari bai cika gari ba sai da wurin da ba na kowa ba, amma kowa yana da haƙƙi a cikinsa. Irin wannan wuri shi ne dandali da filin idi da fagen dambe da kokawa da hurumi da makiyaya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun waɗannan filaye tun daga zamanin da aka gina birane da ganuwa har zuwa yau, sannan ta dubi abin da tarihin ke nuna wa ƙaramin gari mai saurin bunƙasa kamar Illela ta Jihar Sakkwato, wadda ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar, daf da Birnin Ƙonni. Maganar ta shafe mu a matsayin marubuta, domin yawancin adabin bakan da muke taƙama da shi a waɗannan filaye aka haife shi, kuma a can ya yi rarrafe har ya miƙe.

Filin Jama'a Kafin Zuwan Turawa

Magabatanmu ba su da ma'aikatar tsara gari, amma suna da tsari. Idan za a kafa gari sai a ja ganuwa ta kewaye fili mai faɗin da ya fi ƙarfin gidajen da ake da su a lokacin. Baturen nan ɗan yawon duniya, Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a shekarar 1824, ya kiyasta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin badala ba, sauran duk gonaki ne da lambuna da sarari. Heinrich Barth ma da ya zo a 1851 ya tarar da sarari mai yawa a cikin birnin. Dalilin haka a fili yake. Idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, a cikin ganuwa za a yi noma, a yi kiwo, a kuma sauki mutanen ƙauyuka da suka gudo. Wato tsoron yaƙi ne ya tanadar wa birane sarari, yara da samari kuma suka ci moriyarsa a lokacin zaman lafiya.

A tsakiyar gari kuwa akwai ƙofar fada, inda ake taruwa ranar salla da ranar naɗin sarauta, masallacin Juma'a yana kusa da ita. A bayan gari, galibi ta gabas, akan keɓe filin idi. Kowace unguwa tana da dandalinta, inda 'yanmata ke gaɗa da carafke a farin wata, yara maza kuma suna langa da a-sha-ruwan-tsuntsaye, sarkin samari yana sa ido kada wasa ya zama faɗa. Bayan kaka, idan amfanin gona ya shiga rumbu, sai a share fage, makaɗa su ɗaura, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito daga garuruwa daban-daban.

Da aka kafa Daular Sakkwato bayan jihadin da ya fara a 1804, sai malamai suka ɗora wannan al'ada bisa ƙa'idar fiƙihu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi sukutum a kan hukuncin ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, inda ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, da kuma wadda shugaba zai killace domin amfanin jama'a. Kalmar hurumi da muke amfani da ita daga Larabci ta samo asali, kuma ma'anarta ita ce filin da ke kewaye da gari ko rijiya wanda ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba. Haka nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina birnin Sakkwato a 1809, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa gina garuruwa da gyaran kasuwanni da hanyoyi cikin wajiban shugaba. Gaskiya ne malaman jihadi sun yi suka mai zafi a kan cuɗanyar maza da mata a wuraren kiɗa da rawa. To, amma abin da ake yi a filin suka soka. Shi filin kansa sun kare shi da hukunci.

Yadda Illela ta Zama Garin Iyaka

A ƙarshen ƙarni na 19, Marafa Muhammadu Maiturare, wanda daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya kafa Gwadabawa, ya kuma yi ta zaunar da jama'a a dazuzzukan da ke arewa da Sakkwato. A wancan lokacin babu wata iyaka tsakanin wannan yanki da ƙasar Ƙonni. Turawa ne suka zana ta a kan takarda. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta ja da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wadda ta bar Ƙonni a ɓangaren Ingilishi. Hakan bai hana rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ƙona Birnin Ƙonni da karkashe mutanensa a 1899 ba. Da Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa da za ta kai su Damagaram da Tafkin Chadi, sai suka nemi gyara. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka sauko da layin kudu, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, sannan tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho da O'Shee ya bi yana kafa duwatsun iyaka.

Wannan layi shi ya sauya makomar Illela. Da aka shimfiɗa hanyar mota daga Sakkwato zuwa Ƙonni, sai garin ya zama ƙofa, kasuwarsa ta ranar Lahadi ta shahara da cinikin dabbobi da hatsi, ofisoshin kwastan da na shige da fice suka kafu. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Illela tana da mutum sama da 150,000. Garin da ciniki ya raina kuwa, kowane taku na ƙasarsa kuɗi ne, musamman bakin hanya, inda mai gidan mai da mai sito da mai garejin tirela duk ke neman wuri.

Tsarin Bature da Abin da ya Biyo Baya

Bayan faɗuwar Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris, 1903, Turawa sun zo da nasu salon barin sarari. A ƙarƙashin Dokar Garuruwa ta 1917, wadda aka yi a zamanin Gwamna Lugga, an tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, ba a gini a ciki, wai don gudun sauro da cututtuka. A irin waɗannan wurare ne aka yi filayen sukuwa da na folo da na golf. Wato a karon farko an sami fili mai faɗi a garuruwanmu wanda aka bari domin a raba mutane, alhali shi dandali haɗa su yake yi. Abin kirkin da wannan zamani ya bari shi ne bishiyar dogonyaro, wadda aka shigo da ita Borno a 1928, ta bazu har ta zama inuwar titunan Sakkwato da kasuwanninta.

Dokar tsara birane da karkara ta 1946 ta biyo baya, amma manyan garuruwa ta fi amfana. Ƙananan garuruwa sun ci gaba da zama a hannun hakimai da dagatai ƙarƙashin En'e, kuma su waɗannan sun san iyakar hurumi da burtali da ka, ba tare da taswira ba. Matsalar ta taso ne da aka karɓe wannan iko daga hannunsu. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da mulkin karkara ga majalisu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar birni ga gwamna, ta karkara ga ƙaramar hukuma. Filin da ke da takarda ya sami mai kare shi. Dandali da fage kuwa, da yake ba a taɓa auna su ba, kuma babu sunan kowa a kansu, sai suka zama tamkar abin tsintuwa. Ta haka ne awon igiya ya cinye filaye da yawa a garuruwan Arewa: a yanka gona fuloti-fuloti, a bar lungun da mota ɗaya ba ta wucewa, ba wurin makaranta balle na wasa.

Kada mai karatu ya zaci doka ce babu. Doka ta 88 ta shekarar 1992 ta tanadi hukumar tsara gari a matakin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ambaci lambunan shaƙatawa da filayen jama'a ƙarara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a jere da tituna da magudanun ruwa. Sai dai kasuwa da tashar mota suna kawo haraji, fili kuwa ba ya kawo ko kwabo, don haka kullum shi ne a ƙarshen lissafi.

Abin da Maƙwabta Suka Yi

Mutumin Illela ba ya bukatar tafiya Ingila ko Amurka kafin ya ga misali, ko da yake can ma akwai darasi. Hukumar birnin New York ta killace fili mai faɗin gaske a shekarun 1850, tun kafin gine-gine su iso wurin, kuma da an jinkirta da babu kuɗin da zai saye shi yau. Amma misalin da ya fi kusa yana tsallaken iyaka. A 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar kokawar ƙasa ta neman takobi, kuma a Tawa aka yi ta farko, wato babban birnin jihar da Ƙonni take ciki. Sannu a hankali aka gina fagen kokawa na dindindin a manyan biranen jihohi, gasar tana zagayawa tsakaninsu. Sun ɗauki abin da kowane ƙauye ke yi bayan kaka, suka ba shi mazauni da katanga da ranar taro. A wannan shekara ta 1975 ɗin dai aka fara dasa layukan dogonyaro a kwarin Majiya domin tare iska, bayan farin da ya addabi yankin a 1973 da 1974.

Shi wannan kwari na Majiya ruwansa a Tafkin Kalmalo yake ƙarewa, cikin ƙaramar hukumar Illela. Madatsun ruwa da aka gina a ɓangaren Nijar domin noman rani na Ƙonni, haɗe da ƙarancin damina, sun rage abin da ke isowa tafkin, shi ya sa wannan kwari yana cikin guda huɗu da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin ƙasashen biyu ta ambata. Bakin tafki da fadama su ne sarari mafi daraja da garin Sahel zai iya mallaka, kuma su ne farkon abin da ya kamata a sa wa alama a taswira.

A birnin Sakkwato ma akwai abin dubawa. Sunan Giginya ya wanzu a kan filin wasan ƙwallo, babban filin taro na birnin kuma yana ɗauke da sunan Shehu Kangiwa, gwamnan da ya rasu a 1981 sakamakon faɗuwa daga kan doki a wasan folo a Kaduna. Filin da aka raɗa wa suna, jama'a suka saba taruwa a cikinsa, yana da wuyar yankawa.

Darasi ga Illela

Tarihin iyakar ya nuna cewa ciniki yana da ranar ɗaukewa. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangare a Maris na 2024. A irin waɗannan watanni 'yan dako da 'yan kabu-kabu da yaran mota sukan wayi gari babu aiki. Garin da ke da filin ƙwallo da fage da inuwar zama ya fi garin da ba shi da su sauƙin riƙe samarinsa.

Abin da ake bukata bai kai tsadar da ake zato ba. Na farko, a zauna da dattawa da masu unguwanni a rubuta duk hurumi da burtali da filin idi da dandalin da suka rage, tun waɗanda suka san iyakokinsu suna raye. Na biyu, safiyo ya auna su, a yi musu takarda da sunan jama'a, ko a mayar da su waƙafi yadda shari'a ta tanada. Na uku, duk gonar da za a yanka fuloti a wajabta ware wani kaso na wasa da makaranta kafin a sayar da ko ɗaya. Na huɗu, a kewaye su da bishiyoyi, a damƙa kulawarsu ga ƙungiyoyin samari da na 'yan kasuwa, a kuma keɓe lokaci ko sashe na mata da ƙananan yara, domin a kauce wa abin da malaman da suka yi suka a kansa. Hausawa dai sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ƙasar da aka riga aka gine kuwa sai da rigima da diyya ake dawo da ita.

Kammalawa

Mu marubuta muna da rabo a wannan aiki. Da babu fage da ba a yi Ɗan Anace ba, da kuma ba a san Shago ba. Wasannin da Umaru Dembo ya tattara a littafinsa na Wasannin Yara a dandali ya same su. Saboda haka duk ɗan ƙungiya da ke neman abin rubutawa, ya je garinsu ya tambayi tsofaffi inda dandalin unguwarsu yake, wa ke kiɗa a wurin, waɗanne waƙoƙi ake yi, kuma me aka gina a kansa yanzu. Ya rubuta da sunayen wurare da shekaru. Irin wannan rubutu zai zama adabi, zai kuma zama shaida ranar da za a zauna rabon abin da ya rage na ƙasar gari. Allah ya sa shugabanninmu su gane, amin.