Yadda Autoconf Ya Sauya Sunayen Umarninsa

Tun shekarar 1991, sa'ad da wani masanin kwamfuta a Amurka, David MacKenzie, ya ƙago Autoconf domin ya rage wa masu harhaɗa manhaja wahalar daidaita ta da kowace irin na'ura, sunayen umarninsa sun riƙa taruwa ne bisa lalura, ba bisa wata ƙa'ida ba. Da aka fitar da bugu na biyu a 1994, sai aka raɗa wa galibinsu sababbin sunaye. Alal misali, AC_HAVE_FUNCS ya koma AC_CHECK_FUNCS. To amma da yake jama'a sun riga sun gina ayyukansu a kan tsofaffin, ba a shafe su ba, aka bar su tamkar laƙabi, aka kuma haɗa da wata 'yar manhaja mai suna autoupdate, wadda ke bin fayil tana musanya tsohon suna da sabo. Wannan, a ganina, adalci ne.

Haka aka yi a 2001, lokacin da sunan fayil ɗin da Autoconf ke karantawa ya sauya daga configure.in zuwa configure.ac. Har bugun 2020 ana karɓar tsohon sunan, sai dai a yi wa mutum gargaɗi.